Wa Ya Haukata Gidan Su Lovecraft? Sharhi kan Wani Littafin Zane na Ban Tsoro

 Yau Amurka muka nufa, kuma littafin da ke gabanmu irin wanda ake ba da labari cikin zane ne: kowane shafi an yanka shi gida-gida, a kowane gida akwai hoto, maganar mutanen kuma tana cikin 'yan kumfa a saman kawunansu. Da yawanmu mun ɗauka irin waɗannan na yara ne. To wannan dai a ajiye shi inda hannun yaro ba zai kai ba.

Sunansa Lovecraft. Ya fito a 2003 daga Vertigo, reshen da kamfanin DC, masu Superman da Batman, suka keɓe don manyan masu karatu. Hans Rodionoff ne ya fara rubuta labarin da nufin a yi fim da shi, Keith Giffen ya tsara shi ya koma littafin zane, shi kuma Enrique Breccia, mutumin Ajantina, ya zana. John Carpenter, wanda ya shirya finafinan nan na firgici, Halloween da The Thing, shi ya rubuta gabatarwa.

Mutumin da aka ɗauko rayuwarsa, Howard Phillips Lovecraft, an haife shi a 1890 a birnin Providence na jihar Rhode Island, a nan kuma ya rasu a 1937 yana da shekara 46. Da ransa ba wanda ya san da shi sai masu sayen mujallun kwabo-kwabo irin su Weird Tales. Yanzu kuwa da wuya ka sami marubucin ban tsoro a Turai ko Amurka ko Japan da bai sha daga rijiyarsa ba, kuma a 2005 Library of America, masu tattara ayyukan manyan marubutan ƙasar, suka buga labaransa a jerin da su Mark Twain suke ciki. Tsoron da yake sayarwa ba na fatalwa ba ne. Cewa yake yi sararin samaniya ya fi ƙarfin hankalinmu, akwai wasu halittu da suka riga ɗan Adam zuwa duniya da miliyoyin shekaru, ba su ƙi mu ba, ba su so mu ba, ba su ma san muna nan ba, kuma duk wanda ya leƙa ya ga gaskiyar lamarin sai kansa ya juye.

Dabarar littafin Rodionoff guda ɗaya ce tak. Ya ce mu ƙaddara Lovecraft bai ƙagi komai ba. Mu ƙaddara dodannin nan sun wanzu, garin Arkham da yake yawan ambata wuri ne da yake faɗawa cikinsa ya fito, kuma littafin tsafin nan da ya shahara da shi, Necronomicon, littafi ne na gaske da ya gada daga ubansa. A wannan karatun, littafin ne ya haukata uban, shi ya biyo ɗan, shi ya hana gidan zama lafiya. Howard ya tashi a matsayin mai gadin wata ƙofa da ke tsakanin duniyarmu da tasu, rubutunsa kuma wani ɓangare ne na gadin.

Dabara ce mai daɗi, kuma ba daga sama ta faɗo ba. Ku saurari abin da ya faru da gidan a zahiri.

A watan Afrilu na 1893, mahaifinsa Winfield, wanda ke yawon tallar kayan azurfa, yana wani otal a Shikago sai ya fito daga ɗakinsa yana ihu. Ya ce wata ma'aikaciyar otal ta ci masa mutunci, ya ce wasu maza suna keta haddin matarsa a ɗakin da ke samansa, alhali matar ba ta ma cikin garin. Aka dawo da shi Providence, aka kai shi asibitin Butler na masu taɓin hankali. Shekara biyar ya yi a can har ya mutu a 1898. Lokacin da aka kai shi Howard bai cika shekara uku ba. Abin da aka rubuta a takardar mutuwarsa shi ne irin shanyewar jiki da ta ƙwaƙwalwa da ciwon tunjere ke kawowa idan ya daɗe a jiki ba magani, kuma yawancin masu binciken rayuwarsa a kan haka suka tsaya. Ku tuna zamanin: sai a 1905 aka gano ƙwayar cutar, sai a 1913 wani likita ɗan Japan, Hideyo Noguchi, ya nuna ta a ƙwaƙwalwar irin waɗannan majinyata, allurar fenisilin kuwa sai a shekarun 1940. Shi Howard, har ya girma abin da yake gaya wa abokansa shi ne yawan aiki da rashin barci ne suka shanye mahaifinsa.

Uwar, Sarah Susan, ta riƙe ɗanta ƙam, ta shagwaɓa shi, ta kuma riƙa gaya wa mutane cewa muninsa ne ya sa ba ya son fita. Kakansa na wajen uwa, Whipple Phillips, attajiri ne mai ɗakin karatu. Shi yake ba yaron labaran ban tsoro, shi kuma yake sa shi ratsa ɗakuna cikin duhu don ya daina jin tsoron dare. A 1904 harkar madatsar ruwa da kakan ya zuba dukiya a jihar Idaho ta rushe, shi ma ya mutu, aka sayar da babban gidan, uwa da ɗa suka koma haya. A 1908 Howard ya samu rikicewar da ta hana shi gama sakandare, ya shige ɗaki ya yi shekaru kusan biyar ba ya hulɗa da kowa. A 1919 ita ma uwar aka kai ta asibitin Butler ɗin da mijinta ya mutu, ta rasu a can a 1921 bayan tiyatar maɗaciya. Wata maƙwabciyarsu ta ba da labari daga baya cewa kafin a kai ta, matar takan ce tana ganin wasu irin halittu suna fitowa da gudu daga bayan gine-gine idan duhu ya yi.

To ka ji. Uba ya ga abin da babu, uwa ta ga abin da babu, ɗa ya ƙare rayuwarsa yana rubuta abin da babu. Rodionoff bai yi wani dogon aiki ba, cewa kawai ya yi: to idan akwai fa?

A nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin a ganina nan ne asirin littafin yake. Idan ka ɗauki tunjere ka mai da shi la'anannen littafi, ka yi wa gidan alheri. Tunjere ciwon kunya ne, ana tambayar inda mutum ya samo shi, ana kallon matarsa, ana kallon ɗansa. La'ana kuwa tana da kwarjini. Wanda cuta ta kayar abin tausayi ne, wanda ya gwabza da halittun da suka girmi duniya ya faɗi kuwa jarumi ne. Mu ma nan mun san wannan hanyar. Idan ɗan gida ya taɓu, sau da yawa bakin dangi ya fi saurin cewa iska ce ko sammu, kafin a yarda a ce ƙwaya yake sha, ko kuwa abin yana bin jinin gidan. Ba ina musun abin da addini ya tabbatar game da aljanu ba ne, kuma dodannin Lovecraft ba su da alaƙa da wannan, ƙage ne na mutumin da shi kansa bai yarda da wani addini ba. Abin da nake nufi shi ne akwai bayanin da ke rufa wa gida asiri, akwai wanda ke tona shi, kuma zuciya ta san wanda take zaɓa.

Saboda haka littafin nan ana iya karanta shi ta fuska biyu, kuma ni ta biyun ta fi gamsar da ni. Ta farko, ka yarda da shi yadda ya zo: dodanni gaskiya ne, likitoci ne jahilai. Ta biyu, ka ɗauke shi a matsayin labarin da yaron nan zai so a ce shi ne gaskiya. Yaron da aka hana sanin abin da ya kashe ubansa, wanda yake kwana da fargabar ko shi ma ranarsa tana tafe, me ya fi masa sauƙi fiye da a ce masa ubanka ba mahaukaci ba ne, gani ya yi? Idan ka karanta shi haka, kowane dodo da ya leƙo daga shafin yana ɗauke da wani abu da aka ƙi faɗa a gidan.

Zanen Breccia yana goyon bayan wannan karatun, ko da marubutan ba su nufa ba. Salo biyu yake amfani da su. Rayuwar yau da kullum, wato ɗaki da titi da asibiti, yana zana su da bakin alƙalami, layi a kan layi, launi a dushe. Da zarar an tsallaka ɗaya duniyar sai fentin ruwa ya ɓalle, launuka su narke cikin juna, iyakar jiki da abin da ke kewaye da shi ta ɓace. Amma ku lura da fuskokin mutanen da ke ɓangaren da ake kira na lafiya. Haɓar Howard an ja ta ta yi tsawo, idanun manya sun zurma, murmushinsu ba ya kwantar da hankali. Kafin dodo ko ɗaya ya bayyana, tsikar jikinka ta riga ta tashi saboda mutanen gidan. Ni a wurina ɗakin da uwa take lallashin ɗanta ya fi Arkham ban tsoro.

Wannan aiki gado ne a wurin Breccia. Mahaifinsa, Alberto Breccia, ya zana labaran Lovecraft tun a shekarun 1970, kuma shi ne ya fara fuskantar matsalar da ke jiran duk mai zanen da ya taɓa wannan marubuci. Lovecraft yakan kai ka bakin abin tsoron sai ya ce harshe ba zai iya siffanta shi ba. Marubuci yana da wannan mafaka. Mai zane ba shi da ita, gidan hoton yana nan fari fat yana jiran a cika shi. Alberto sai ya koma ga ɗigon tawada da yagaggun takardu da yake mannawa, yadda za ka ƙura ido ka kasa cewa ga kai ga ƙafa. Ɗan ya fi uban nuna dodo a fili, kuma a nan ne wani lokaci tsoron yake raguwa, domin abin da ido ya gama ƙare wa kallo ya rage kwarjini. Af, kafin in wuce: uban da ɗan sun taɓa haɗuwa a 1968 sun zana tarihin Che Guevara, wanda Héctor Oesterheld ya rubuta. Hukuma ta kwashe littafin, kuma a 1977 sojojin da ke mulkin Ajantina suka sace Oesterheld, ba a sake ganinsa ba; 'ya'yansa mata huɗu ma haka suka salwanta. Mutanen da suka zana mana dodannin Lovecraft sun san irin dodon da ke zuwa da mota ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Akwai kuma wani abin da ya sa zane ya dace da wannan mutum. Bayan rasuwar kakarsa a 1896, yana ɗan shekara biyar da 'yan watanni, ya fara mafarkin wasu baƙaƙen halittu masu fiffike marasa fuska, suna sunkutarsa su yi sama da shi. Da ya girma shi da kansa ya ce yana jin daga zanen Gustave Doré ya kwaso su, a wani babban bugu na Paradise Lost da ya gani a gidansu. Ashe tun farko daga hoto tsoron ya shiga kansa.

Yanzu bari mu zo kan littafin tsafin, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki. Lovecraft ya ce wani Balarabe mahaukaci ne ya rubuta Necronomicon, wai shi Abdul Alhazred. Har tarihi ya ƙaga masa: mawaƙi ne daga San'a ta ƙasar Yaman, ya yi zamani da daular Umayyawa, ya ƙare a Dimashƙa, inda a shekara ta 738 wani dodo da ba a gani ya cinye shi da rana tsaka a gaban jama'a. Duk wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma shi da kansa ya sha faɗa a wasiƙunsa cewa shi ya ƙirƙira. Sunan ma laƙabi ne da ya ɗauka yana ɗan shekara biyar, lokacin da ya haukace a kan Dare Dubu da Ɗaya, littafin nan da mu ma muke da shi da Hausa. Duk da haka mutane sun yi ta zuwa ɗakunan karatu suna neman Necronomicon, har a 1977 wasu suka buga na jabu suka ci kasuwa da shi. Idan wani ya turo maka shi a waya ya ce tsohon littafin Larabawa ne na asiri, ka san inda aka haife shi: Providence, a kan teburin wani Bature mai fama da talauci.

Abin lura a nan shi ne inda yake ajiye tushen sharri. Kullum daga waje yake zuwa: daga hamadar Larabawa, daga tsibiran teku, daga fadamun da baƙaƙe da 'yan ruwa biyu ke taruwa, daga jinin da ya gauraya. Wannan ya kawo mu kan babban abin da littafin Rodionoff ya kau da kai daga gare shi.

Lovecraft mai tsananin wariyar launin fata ne, fiye ma da yadda aka saba a zamaninsa. Ba zargi ba ne, yana nan a dubban wasiƙun da ya bari. A 1912 ya rubuta wata gajeriyar waƙa da ya ajiye baƙar fata a tsakanin mutum da dabba. Ba zan maimaita ko sunanta a nan ba. Abin mamaki kuma, matar da ya aura a watan Maris na 1924, Sonia Greene, Bayahudiya ce da aka haifa a Yukren, 'yar kasuwar huluna, ta girme shi da shekara bakwai. A Boston suka haɗu a 1921, wajen taron masu rubutun sha'awa, makonni kaɗan bayan rasuwar uwarsa. Auren ya fara da abin dariya: ya rubuta wa mai rufa-idon nan Houdini wani labari da za a buga da sunan Houdini, ya yar da bugaggen kwafin a tashar jirgin ƙasa, sai ango da amarya suka ƙare kwanakin amarcinsu a Filadelfiya, ita tana karanto rubutun hannu, shi yana bugawa a tafireta.

Bayan auren suka zauna a New York, amma birnin bai karɓe shi ba. Ya yi ta neman aiki bai samu ba, kasuwar Sonia ta karye, ta tafi wata jiha neman abin da za su ci, tana aiko masa da kuɗi. Ya koma ɗaki ɗaya a titin Clinton da ke Brooklyn, kusa da unguwar Red Hook mai cike da baƙin haure. A watan Mayu na 1925 ɓarayi suka shiga yana barci suka kwashe masa kusan duk kayan fitarsa. Mutumin da yake ganin kansa jikan manya, wanda ba abin da ya rage masa na girma sai kwat, ya wayi gari ba kwat ɗin. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki ya zauna ya rubuta The Horror at Red Hook, labarin da ya mai da maƙwabtansa baƙi masu bautar shaiɗan a ƙarƙashin ƙasa. Sonia ta rubuta daga baya cewa idan suka shiga cunkoson baƙi a titi yakan fusata har fuskarsa ta canza, ita kuma takan tuna masa cewa ita ma fa daga cikinsu take. A 1926 ya tattara ya koma Providence shi kaɗai, auren ya mutu a tsaye.

To duba abin da littafin zanen ya yi da wannan. Sonia tana ciki, kuma an ba ta matsayi mai kyau, mace mai ƙauna da ƙarfin hali. Amma abin da ya raba su a shafukan littafin shi ne dodanni da nauyin gadin ƙofa. Mutumin da ya kasa riƙe aure saboda rashin aiki, da girman kai, da 'yan'uwan uwarsa da ba su so matar ta zo ta buɗe shago a garinsu, da ƙyamar irin mutanen da matarsa ta fito daga cikinsu, an mai da shi wanda ya sadaukar da soyayya don ya ceci duniya. Wannan wanki ne, kuma wankin ya yi yawa. A kan ciwon uban na yafe wa littafin, domin rufin asirin mara lafiya ne. A kan wannan ban yafe ba. Idan ka ce duk abin da Lovecraft ya ji tsoro gaskiya ne, sai ka faɗa mana matsayin tsoron da yake yi wa Bayahude da Balarabe da baƙar fata. Shi ma gaskiya ne? Ai ƙofar da ya fi damuwa da a rufe a rayuwarsa ta zahiri ita ce ta tashar jiragen ruwan New York.

Wani zai ce ai labarin nishaɗi ne, ba littafin tarihi ba. Haka ne, kuma ban nemi ya zama tarihi ba. Sai dai littafin da ya ɗauki sunan mutum na gaske, da sunan uwarsa da ubansa da matarsa da asibitin da iyayen suka mutu, ya riga ya ci amanar tarihi ko ya riƙe ta. Da yawan masu karatu daga nan za su fara sanin mutumin, wasu kuma a nan za su tsaya.

Cewa ana iya yin abin ta wata hanya, marubuci Alan Moore ya nuna. Tsakanin 2015 da 2017 shi da mai zane Jacen Burrows sun fitar da Providence, kashi 12, a kamfanin Avatar. Su ma sun ƙaddara cewa abubuwan gaskiya ne, amma sai suka ba da labarin ta idon wani ɗan jarida, Robert Black, Bayahude mai ɓoye asalinsa da wasu sirrikan rayuwarsa, yana yawo a arewa maso gabashin Amurka a 1919 har ya haɗu da Lovecraft ido da ido. Wato sun ɗauko irin mutumin da Lovecraft yake ƙyama suka ba shi fitilar. Wasu mutane masu kama da kifi, waɗanda a wani labarin Lovecraft abin ƙyama ne saboda jininsu ya gauraya, a wurin Moore tsiraru ne da ake tsangwama, har ana nuna inuwar abin da zai faru a sansanonin Nazi. Tsarin shafin ma da gangan aka yi shi: yawanci gida huɗu ne a kwance, ɗaya bisa ɗaya, zane tsaf ba hayaniya, yadda abin tsoro zai wuce ta gefen hoton ba tare da an nuna maka shi da yatsa ba. A ƙarshen yawancin kashin kuma sai a kawo littafin ajiyar Black da rubutun hannunsa, ka ga yana yi wa kansa bayanin cewa abin da ya gani mafarki ne ko gajiya, alhali kai ka gani da idonka a shafukan baya. Hoto yana faɗin gaskiya, rubutu yana musu. Wannan wasa ne da littafin zane kaɗai zai iya yi.

Bambancin da ya fi girma yana kan rubutun Lovecraft kansa. A wurin Rodionoff rubutun kariya ne. A wurin Moore shi ne annobar: labaran ne suke yaɗuwa daga kai zuwa kai, daga mujalla zuwa fim zuwa wasan yara, har duniya ta koma kamar yadda ya siffanta ta. Na fi yarda da Moore, ko da yake shi ma yana da nasa wuce gona da irin, akwai shafukan da ba kowa ne zai iya kallo ba, kuma ban ga dole a cikin wasunsu ba.

Rigimar nan ba ta tsaya a cikin littattafai ba. Kyautar World Fantasy, wadda aka fara bayarwa a 1975 a Providence, a da gunkin kan Lovecraft ne ake miƙa wa wanda ya ci. A 2011 Nnedi Okorafor, marubuciyar Amurka wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta ci kyautar da littafinta Who Fears Death, ita ce baƙar fata ta farko da ta ci a rukunin ƙagaggen labari mai tsawo. Bayan ta kai gunkin gida sai aka nuna mata waƙar nan ta 1912. Ta fito ta rubuta yadda abin ya dame ta, a ce karramawar da aka yi mata ita ce kan mutumin da bai ɗauke ta cikakken mutum ba. Muhawara ta yi zafi, aka yi takardar koke a 2014, a watan Nuwamba na 2015 masu kyautar suka sanar da ajiye gunkin, daga baya aka maye shi da siffar bishiya da wata a bayanta. Wasu masoyansa sun yi fushi ƙwarai. Su kuwa marubuta irin su Victor LaValle, baƙar fata ɗan New York, sai suka zaɓi shiga gidan su gyara: a 2016 ya sake ba da labarin Red Hook ta idon wani baƙin saurayi ɗan Harlem.

Ƙarshen mutumin na zahiri ba shi da kwarjinin da littafin zanen ya ba shi. Ya ƙare yana gyara wa wasu rubutu a kan kuɗi kaɗan, yana cin abincin gwangwani, yana lissafin kwabo. Weird Tales ta ƙi karɓar At the Mountains of Madness a 1931, abin ya karya masa gwiwa. Littafi ɗaya tak na labarinsa aka buga da bango yana raye, The Shadow over Innsmouth, a 1936, cike da kurakuran ɗab'i, kwafi wajen 200 aka ɗinke. Ciwon dajin hanji ya kama shi, bai je asibiti ba sai da lokaci ya ƙure, yana ta rubuta yadda ciwon ke ci a ɗan littafinsa har hannu ya gaza. Ya rasu ranar 15 ga Maris, 1937. Maƙabartar Swan Point da aka binne shi tana maƙwabtaka da asibitin Butler. Abokansa biyu, August Derleth da Donald Wandrei, su suka kafa kamfanin Arkham House a 1939 don kada rubutunsa ya bi shi.

Mai son ya nemi littafin Rodionoff da Breccia, ya neme shi don zanen, domin zanen ya cancanci kuɗinsa, ya kuma riƙa tambayar kansa a kowane shafi: wannan dodon, me aka ɓoye a bayansa? Mai son ya ɗanɗani Lovecraft kansa kuwa, shawarata ya fara da The Colour Out of Space na 1927, wanda shi ma ya fi so a cikin ayyukansa. Wani dutse ne ya faɗo daga sama a gonar wani manomi, ya shigo da wani launi da ido bai taɓa gani ba, ya lalata rijiya da amfanin gona da dabbobi, sannan ya bi iyalin ɗaya bayan ɗaya. Matar gidan ta zautu aka kulle ta a ɗakin sama. Babu baƙon haure da aka ɗora wa laifi a ciki, kuma wanda ya san tarihin gidan su marubucin zai gane inda matar ta fito. Masu zane da masu fim har yau suna kokawa da shi, domin ba wanda ke da fentin launin da babu shi. Fim ɗin 2019 da Nicolas Cage ya fito a ciki ya zaɓi wani ja mai shunayya, shi kuwa mai zanen Japan, Gou Tanabe, da baƙi da fari ya yi nasa.